Yadda Albasar Baba Tanko ta Koma 'Yar Sai-gobe

Samarin da suke zuwa wurina sayen dashen tumatir sun ɗauka aikin lambu ruwa ne kawai. Ka tayar da inji, ka jefa tiyo a fangali, ka koma inuwa kana latsa waya. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Baba Sale, ai ƙasa ƙasa ce, in dai baƙa ce shi ke nan." Na ce ya zauna in ba shi labari. Bai zauna ba, wai yana sauri. To ga shi na rubuta, in ya sami sarari ya karanta. Ni ma na taɓa faɗin wannan magana, kuma a kanta na yi rani guda ina ja wa malalaci jigo.

Na zo Kano ina saurayi, da ɗan karatun firamare a kaina da baki mai yawa. A lokacin Gyaɗi-Gyaɗi ba ta cika ba. In ka bar titin Zariya ka nufi Tarauni, gonaki ne da kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini ruwan damina ya cika su. A bakin wani babban kududdufi Baba Tanko yake da lambu, kuma a hannunsa na koyi sana'a.

Aikin farko da ya ba ni ba na fartanya ba ne. Jaki ya ba ni da mangala, ya ce in bi gidajen masu shanu in kwaso kashi, in bi inda ake ɓarar gyaɗa in kwaso ɓawo. Jakin wani auraki ne mai taurin kai, ya fi ni sanin hanya kuma ya san ya fi ni. Sai da na daɗe ina wari kafin a bar ni in taɓa jigo. Ku da ba ku gan shi ba, jigo doguwar sanda ce a kan gwafa, curin laka a gindi, guga a baki. Ka danna, guga ya nutse, ka saki, laka ta ɗago maka shi, ka juye a magudana. Da ido kamar wasa ne. Kwana biyu na yi a kansa na kasa ɗaga hannu in yi kabbara yadda ya kamata.

Masu sayen kayanmu yawanci ma'aikatan gwamnati ne da suka fara gine-gine a Tarauni. Matansu na aiko neman latas da karas, mazan kuma na son a dasa musu fure a ƙofar gida. Na tuna wani da ya sa na dasa masa lemo a ramin da magina suka zubar da ragowar siminti. Na ce ba zai kama ba, ya ce nan ne ake hangowa daga titi. Bai kama ba. Ya sa aka kira ni, ya ce hannuna ne ba shi da albarka. Tun daga ranar na gane cewa a sana'ar nan shuka in ta rayu ta mai gida ce, in ta mutu ta mai lambu ce.

Baba Tanko ba mai yawan magana ba ne, amma yana da dokoki. Ta farko: in an cire amfani, a kafce fangali da garma a bar shi a buɗe, rana ta gasa shi, tsutsa da gara su mutu. Wannan kowane mai lambu ya sani, rana maganin ƙasa ce. Ta biyu: iri ba a hana shi. Duk maƙwabcin da ya zo roƙon iri sai a ɗiba masa, ko da tafin hannu ɗaya ya rage. Ta uku ita ce ta fi ba ni dariya. Ya ce lakar gindin kududdufi ba a tsiraita ta. In ka ɗebo, ka lulluɓe ta da kashin shanu da ɓawon gyaɗa, ka riƙa jiƙa ta, kada ka bar rana da iska su gan ta har damina ta bi ta kanta.

"Baba, me ya sa?"

"Kunya gare ta."

"Laka?"

"Haka na tarar. Ɗauki mangala."

Na ce a raina tsohon nan yana tsoron aljanun ruwa ne, yana jin nauyin faɗa. Yaya za a ce rana maganin kowace ƙasa ce, sai wannan kaɗai ake ɓoye wa?

Abin da Baba Tanko yake taƙama da shi a duniya albasarsa ce. Ja ce, ƙarama, mai yaji, kuma ba ta ruɓewa. Albasar mutane ta yi ruwa a rumbu tun tsakiyar damina, tasa tana nan da ƙarfinta. Daga mahaifinsa ya gaji irin, shi yake barin wasu su yi kai ya karkaɗe. Ga wanda bai sani ba, irin albasa ba kamar na gero ba ne da za ka ajiye shekaru. In ya wuce shekara bai ga ƙasa ba, yawancinsa ya mutu a cikin gora. Saboda haka duk shekara sai an yafa, in shekara ɗaya ta kuɓuce, an rabu da shi ke nan.

Maƙwabcinmu a lambu kuwa Ilu ne, Bazazzagi, ya girme ni da 'yan shekaru. Ba wanda yake kiransa da sunan yanka, Sai-gobe ake ce masa. Magudanarsa ta fashe tun zuwana, ruwa na malala, sai gobe zai gyara. Yana da tsibin taki da ya tara tun bara, sai gobe zai baza. Ni Bakano shi Bazazzagi, don haka tsakaninmu ba gaisuwa sai tsiya.

"Bawana, an tashi lafiya?" in ji shi daga gindin mangwaro, a kwance.

"Bayin Kanawa ne dai suke kwana har hantsi."

"Mu sarakai ne, ku kuka zo duniya wahala."

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba. Shanun da muke kwasar kashinsu, waɗansu suka mutu, waɗansu aka kora kudu, taki ya zama abin nema. Kududdufinmu ya yi ta ja da baya har ya koma ɗan tafki a tsakiya, muka tsawaita igiyar guga muna binsa. Inda ruwan ya janye sai ga laka baƙa wuluk kamar kwalli, mai laushi, in ka taka ta tana tashin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shekara da shekaru ganye da shara da ruwan kwata suna taruwa a wurin, har da ruwan da wasu majema suke zubarwa can sama. Na dube ta na ce wannan ai taki ne Allah ya ajiye mana.

A daidai lokacin kurkunu ta fito wa Baba Tanko a ƙafa, ta kwantar da shi a gida. Ga lokacin yafin albasa ya yi. Ya aika aka kira ni, ya miƙo mini gorar irin. Ko rabi ba ta kai ba, don zafi ya ƙona yawancin kawunan da ya bari.

"Abin da ya rage ke nan, Sale. Ba wani a ko'ina. In za ka taɓa lakar can, ka san doka."

"Na sani, Baba."

Na koma lambu, ko gama ajiye gorar ban yi ba sai ga Ilu, ya taso daga gindin mangwaro, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Bawana, na ji ƙamshin iri."

"Hancinka dai ba ya cewa sai gobe."

"Ɗebo wa ubangidanka."

Doka ce, ba zan hana ba. Amma doka ba ta faɗi daga ina za a ɗiba ba. Na juye irin a faifai na sheƙe, na mayar da tsabar gora, na tattara ƙaiƙayin da 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a ciki na zuba masa a hula. Ya duba, ya dube ni.

"Kanawa ke nan. Ko sadaka sai sun tankaɗe."

"Ai kai ma sai gobe za ka shuka."

Daga nan na shiga aikin da ban taɓa yin mai kyau irinsa ba, kuma ban taɓa yin na banza irinsa ba. Na yi ta jigilar lakar da jaki ina bazawa a fili. Na ce fangalin yafi yana son ƙasa mai laushi da tsabta, saboda haka na zauna na tsince duk ruɓaɓɓen ganye da saiwa da karmami da ke ciki na watsar. Da ta sha iska na farfasa ta, na tankaɗe da rariya kamar garin tuwo. Kullum ina juya ta da shebur don rana ta shiga ko'ina. Ɗan takin da ya rage mana ban sa ba, na ce wannan ƙasa ba ta buƙatar taimako. Ilu yana kwance yana kallo.

"Amarya za a kai ne, ake wannan tankaɗe?"

"Kwanta dai. Za ka ga aiki."

Ƙasar ta yi ta ba ni labari, ni ne ban saurara ba. Baƙinta ya tafi, ta koma toka-toka, sannan wasu wurare suka fito rawaya kamar an barbaɗa garin ɗorawa. Sheburina ya yi tsatsa kamar ya shekara a rijiya. Fason ƙafata ya riƙa raɗaɗi kamar an sa barkono. Da na fara jiƙa fangalin, ruwan da ya gangaro ya yi ja kamar shayi, jakin nan ya sunkuya ya shinshina, ya ɗaga kai ya tafi abinsa. Na zage shi na ce iyayi ne. Ko tsutsar tana guda ɗaya ban gani a ƙasar ba, na ce ai tsabta ce.

Na yafa irin duka, ban rage ko ƙwaya ba. Ya tsiro siri-siri kamar allura, na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Ba a jima ba bakin ganyen ya yi rawaya, sannan ya lanƙwashe. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Na ce yunwa ce, na samo ɗan takin zamani na watsa, sai abin ya ƙara sauri. Na ciro ɗaya na duba, saiwar guntuwa ce, ta yi baƙi kamar an ɗosana mata wuta.

Ana haka sai ga Malam Habu a kan babur ɗinsa. Malamin gona ne, yana zaune a Tarauni, kuma yakan zo da kansa sayen latas don ya ce yaran gida ba su iya zaɓe ba. Ya tsaya a kan fangalin, ya dubi rawayar nan, ya dubi jan ruwan.

"Sale, daga ina ka samo ƙasar nan?"

Na nuna masa gindin kududdufi, na kuma ba shi labarin tsinta da tankaɗe da shanya, ina jiran yabo.

"Ɗanɗana."

"Ranka ya daɗe?"

"Ɗiba ka sa a harshe. Ba za ta kashe ka ba, albasa kawai take kashewa."

Na ɗanɗana. Tsami kamar tsamiya, sannan bauri kamar bagaruwa, har haƙorana suka mutu. Na tofar.

Ya tsuguna ya yi mini bayani, kuma zan faɗa yadda na fahimta. Ya ce a ƙarƙashin ruwa, inda iska ba ta kaiwa, ganye na ruɓewa, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna ci, kuma a garin cin nan sai su haɗa farar wuta da ƙarfen da ke cikin laka. Shi ne baƙin, shi ne warin ƙwai. Ya faɗi sunan abin da Turanci, fairait, na riƙe shi don ni ma in riƙa tsorata yara da shi. Ya ce muddin abin yana jiƙe a rufe, barci yake yi. Da iska ta taɓa shi sai ya farka, ya koma ɗan'uwan ruwan batir.

"To Malam, in ruɓaɓɓen ganye ne ya haife shi, ai na yi daidai da na tsince."

"Shi ya haife shi, shi ne kuma mai riƙe masa linzami. In taki yana sama, halittun da ke cin takin su suke shanye iskar kafin ta kai ƙasa. Takin yana riƙe danshi, kuma ɗan tsamin da ya fito yana rage masa kaifi, damina ta wanke shi kaɗan-kaɗan. Kai kuwa ka kori masu gadi, ka buɗe ƙofa, ka kuma yi wa ɓarawo fifita da shebur."

"Baba ya ce kunya gare ta."

Ya yi dariya. "Ya fi ni iya taƙaitawa."

Na tambaye shi magani. Ya ce ƙasar za ta gyaru in an zuba toka da farar ƙasa da taki mai yawa, aka kuma bar ruwa ya wanke ta, amma ba bana ba. Shukar kuwa ta tafi.

Ban taɓa jin nisan gidan Baba Tanko ba sai ranar. Na tarar da shi a zaure, ƙafa a miƙe, ana naɗe kurkunun a jikin tsinke. Na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce:

"Ba wanda ya zo roƙon iri?"

"Ilu ya zo."

"Ka ba shi?"

"Na ba shi."

"Daga sama ko daga ƙasa?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya ji amsa.

"Je ka duba."

Ni ban taɓa leƙa lambun Ilu da niyya ba, don ba ya da bambanci da juji. Na ratsa ta cikin ciyawa, na bi fasasshiyar magudanar nan har wani ɗan kwari. A nan na gan su. Tsiron albasa kore shar, a tsaye, a kan wani tsibi da ba shi da fasali. Ba su da yawa, amma ko ɗaya bai lanƙwashe ba.

Ga yadda aka yi. Da Ilu ya ga ina jigilar laka, shi ma ya ɗebo 'yan kwanduna ya juye a kwarin, da niyyar gobe zai baza ya shanya kamar yadda nake yi. Tsohon tsibin takinsa na bara kuwa yana tare masa iska a wurin kwanciya, sai ya ture shi ya rufta kan lakar, da ɓawon gyaɗa da komai. Ɗan ruwan da yake daurewa ya ja da jigo kuwa, magudanar da bai gyara ba ta yi ta jiƙa wurin da shi. Ƙaiƙayin da na ba shi ya gaji da riƙewa a hula, ya kaɗe shi a kai. Na tura hannu ƙarƙashin takin na ɗebo. Lakar tana nan baƙa, da warinta na ƙwai. Na sa a harshe, ba tsami. Duk dokar Baba Tanko mutumin nan ya cika ta, a kwance.

"Wa nake gani kamar bawana yana cin ƙasata?"

Na juyo. Yana gindin mangwaro, hula a kan fuska.

"Yaya Ilu, barka da hutawa."

Ya ɗaga hular. "Me ka ce?"

"Na ce Yaya Ilu."

"Ikon Allah. Fari ya sa Bakano ladabi. Ƙara faɗa, kunnen nan bai ji ba."

Na ƙara. Na ce na zo roƙon dashe, kuma ya san iri ba a hana shi.

"Ba a hanawa," in ji shi. "Amma ban ji an ce ba a ja rai ba. Dawo gobe."

Na dawo gobe, ya ce gobe. Sai da Baba Tanko ya sa aka ɗora shi a kan jaki ya zo da kansa. Ya sauka da ƙyar, ya dogara sanda, ya daɗe a tsaye a kan tsibin. Ya sunkuya ya shafa ganyen da bayan yatsa. Sannan ya dubi fasasshiyar magudana, ya dubi Ilu, ya dube ni, sai dariya ta kama shi har ya zauna a ƙasa.

Ilu ya ce don Baba zai raba dashen biyu, ya ba mu rabi daga masu kyau. Amma shi jigo yana sa masa ciwon baya, kuma ga shi Allah ya kawo masa bawa har gida. Na dubi Baba ko zai cece ni. Ya ce, "Ai kana son aiki." Haka na yi ranin nan ina ja wa Ilu jigo bayan na gama namu, yana kwance yana gyara mini tsayuwa. Magudanar ma ni na gyara.

Albasar ta yi. Ba mu sayar da ko ɗaya daga tamu ba, duk muka bar su suka yi kai, gora ta cika. Fangalin da na ɓata kuwa sai da ya ci toka da taki na damina biyu kafin tana ta dawo cikinsa. Ilu shi ya sayar da tasa, kuma ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya riga kowa zuwa kasuwa. Da masu saye suka ga ba ta ruɓewa suka dawo nema, sai suka riƙa cewa a ba su ta Sai-gobe. Na kai ƙara wurin Baba, na ce albasar mahaifinka ce fa ake kira da sunan wannan malalacin.

Ya ce, "Bar masa sunan. Mu riƙe irin."

Kududdufin an cike shi tuntuni, gidaje ne a wurin. Baba Tanko da Ilu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Irin yana nan a gorata, ban taɓa tsallake shekara ba. In saurayin nan mai sauri ya zo roƙo, zan ɗiba masa daga sama, ba daga ƙasa ba. In kuma ya ce 'yar Sai-gobe yake so, zan miƙa masa, ba zan gyara masa sunan ba.